Scarlett 2i2 a ɗakin mawaƙin Yamai: ta isa yin albam, amma kafar makirfo biyu kacal gare ta

Mawaƙin da ke tsara waƙarsa da kansa, ya kaɗa jitarsa, babu furodusa a bayansa, tambayarsa ɗaya ce kafin ya fitar da kuɗi: ƴar jar akwatin nan ta Focusrite, kamfanin Ingila, za ta iya fitar da albam sukutum, ko sai an je sitidiyo ana biyan kuɗin awa? Za ta iya, muddin aikin murya ce da jita, ko murya da gurmi.

Tana karɓar sauti daga makirfo ta miƙa wa kwamfuta ta wayar USB, kuma ta wannan wayar take shan wuta. A Yamai wannan babbar riba ce. In aka ɗauke kuran ana tsakiyar baiti, batirin kwamfutar hannu yana riƙe da su duka biyun, ɗaukar ba ta yankewa.

Samfuri biyu ne ke yawo, fitowa ta uku da ta huɗu. Na uku ya fito a 2019, na huɗu a 2023, wanda ya mayar da ramukan makirfo baya, ya kuma ƙara ƙarfin ɗaga sauti daga desibel 56 zuwa 69. Wannan ƙarin ne zai raba gardamar saye, domin ya danganta da makirfon da za a haɗa mata. Makirfon kondensa, mai bukatar a danna maɓallin 48V, yana da kaifin kunne, kuma na uku ko na hannu ne ya wadatar da shi. Sai dai kaifin nan shi ne matsalarsa a unguwa: yana kwaso fanka, kabu-kabun da ke wucewa, janaretan maƙwabci, da amsa-kuwwar bangon siminti. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ba mai iya rufe ɗaki ya kashe fanka na awa guda yana rera waƙa. Makirfo irin Shure SM58 ya fi yafiya, abin da ke gaban bakinsa kawai yake ji sosai, amma yana son a ɗaga shi da ƙarfi. A na uku, mai sanyin murya sai ya murɗa maɓallin ɗaga sauti kusan ƙarshe, a nan kuma wani shuuu ke biyo muryar. Don haka ga ɗakin da ba a gyara ba, na huɗu da irin wannan makirfon ya fi dacewa.

A saita ma'aunin ingancin ɗaukarta a 48 kHz da bit 24. Tana kaiwa 192 kHz, amma cika faifai kawai zai yi, kunne ba zai ji bambancin ba a waya. Ƙololuwar murya ta tsaya wajen desibel −12 a ma'aunin manhajar ɗauka, kada zoben fitilar da ke kewaye da maɓalli ya yi ja. Na huɗu yana da Auto Gain, wanda ke sauraro na daƙiƙa 10 ya saita da kansa. Inda ake kuskure, mawaƙi ya gwada da ƙaramar murya, sannan ya zo amshi ya buɗe maƙogwaro, sautin ya fashe. A ba shi wurin da ya fi ƙarfi a waƙar. In murya na dawowa a makare cikin abin kunne, a danna maɓallin Direct, wanda ke kai muryar abin kunne kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. In kuma wani gurnani na ƙasa-ƙasa ya ƙi tafiya, a zare cajar kwamfuta. Da ya ɓace, to laifin cajar ne ko wutar gidan, ba na akwatin ba.

Game da sake rera waƙoƙin wasu, na huɗu na iya ɗaukar duk sautin da kwamfuta ke kunnawa, kuma wannan ke ruɗar mutane su kwaso kiɗan asali su ɗora muryarsu. Kiɗan nan yana da mai shi, kuma Content ID, tsarin YouTube na gano kiɗa mai haƙƙin mallaka, yana gane shi. A kaɗa sabo, a sa kapo, abin matse igiyoyi, a wuyan jita a kawo waƙar daidai muryar mai rerawa. Ko da hakan, baiti da karin waƙar na wanda ya tsara su ne, sai da izini. BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, nan ne wurin tambaya, nan ne kuma ya kamata mawaƙi ya yi rajistar nasa waƙoƙin kafin su fara yawo a WhatsApp.

Iyakarta a fili take. Makirfo biyu kacal take ɗauka a lokaci guda, ramin abin kunne ɗaya ne, babu ramin MIDI na jona kayan kiɗan lantarki irin kibod. Mai son kalangu da ƙwarya da ƴan amshi dole ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Makaɗin kalangu kuwa bakin mawaƙi yake bi, yana amsa masa. In aka ɗaure masa abin kunne ya bi muryar da aka ɗauka jiya, kiɗan kan fito a sandare. Waƙa biyu ko uku masu irin wannan taro gara a kai su sitidiyo, sauran a yi a gida.

Manhajojin kyauta da ke biye da ita, irin Ableton Live Lite ta ɗauka da haɗa sauti, sai an yi rajista an sauke su ta intanet, kuma suna cin data sosai, gara a nemi wifi. Da hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle, domin ƙura in ta shiga ramukan jona waya, sai an ji ƙaras-ƙaras duk sanda waya ta motsa.