Kwana biyu a tanti da mai shekara biyu

Auta ta cika shekara biyu ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma a cikin tanti ta cika su. Ni na kawo shawarar. Bara da muka tara jama'a a gida, yarinyar da aka taru dominta kuka ta yi daga farko har ƙarshe, sai a bayan ƙanwata ta yi barci, ko kek ɗin ba ta gani ba. Bana na ce wa maigida mu kwashi yaran mu tafi filin zango, mu kaɗai, ta samu ciyawa da sarari ta yi ta gudunta. Ya dube ni ya ce, "Maman yara, kin san dai yarinyar nan ko a gadonta sai an yi da gaske take barci?" Na sani sarai. Shi ya sa da muka tashi sayen tanti ban damu da kyansa ba. Tambayata ɗaya ce, ko mai shekara biyu za ta iya barci a ciki. Da wannan mudun zan auna shi a nan.

Wanda muka saya dogo ne, mai sanduna uku na faiba da ake lanƙwasawa kamar baka. Yadinsa foliyesta. A baya akwai ɗakin kwana da aka yi da baƙin yadi mai tare haske, a gaba kuma falo inda babba zai miƙe tsaye ba tare da sunkuyo ba. Nauyinsa a jaka kilo 17, ya cinye kusan rabin but ɗin mota. A jikin kwalin an rubuta mutum shida. Mu biyar ne: ni, maigida, Auta, yayanta mai shekara bakwai, da ƙanwata.

Maganar mutum shidan nan, a ɗauke ta da hankali. Na sa tef na auna faɗin ɗakin kwanan, santimita 360. In aka raba shida, kowa ya tashi da 60, wato faɗin kafaɗar babba da ɗan ƙari, kowa ya kwanta a miƙe kamar ashana a kwali, ba juyi, ba jaka, ba komai. Katifar iska ta mutum biyu faɗinta wajen 140 ne. Muka sa biyu, 280 ta tafi, sauran 80 ɗin gadon Auta mai naɗewa ya shige da ƙyar. Shi ke nan, ɗaki ya cika. Kayan sawa, jakar famfas da takalma duk a falo suka kwana. Masu tantin ba ƙarya suka yi ba, haka ake ƙirga, amma mai iyali ya cire biyu daga lambar da ya gani a kwali kafin ya yanke shawara.

Kafawa an ce minti 20. Mun yi 50, kuma ba duka laifin tantin ba ne, tunda ɗaya daga cikinmu aikinsa kawai bin Auta yana karɓe turaku daga hannunta. Takardar bayanin zane ce zalla, ba rubutu, an ɗinke ta a cikin jaka. Ɗinkewar ta yi mini, don ba za ta ɓace ba, sai dai zanen ƙanana ne. An sa wa kowace sanda launi daidai da na hanyar da za ta shiga, wannan ya rage mana gardama. Abin da takardar ba ta nuna ba, sai da muka sha wuya muka gane: sandar nan gaɓa-gaɓa ce da roba a ciki, tura ta ake yi cikin yadin, ba a ja. In ka ja, gaɓoɓin su rabu a tsakiya, ka koma lalube.

Turakun da suka zo da shi kuwa, kyan ɗan maciji. Sirara ne, masu sheƙi, kuma shida suka tanƙware a yammacin farko a ƙasar da ba ta da wani tauri. Maƙwabcinmu a filin, wani dattijo da ya ga abin da muke ciki, ya ara mana nasa masu kauri, ya nuna wa maigida yadda ake kafa turke a karkace, kansa yana kallon nesa da tantin, don igiya ta ja shi cikin ƙasa maimakon ta tumɓuke shi. Guduma ma ba ta zo a jakar ba. Da ba mu taho da tamu ba, da dutse za mu nema.

Igiyoyin ɗaurin masu haske ne, babba yana ganinsu. Auta ba ta kallon ƙasa in tana gudu. Sau uku ta kifa kafin magariba, sai ƙanwata ta yayyaga wani tsohon ɗankwali ta ɗaɗɗaura a kowace igiya daidai tsayin idonta. Daga nan ta daina faɗuwa, ta koma cizgar tsummokaran.

Daren farko bai yi daɗi ba. Abu biyu suka haɗu. Na farko zif. Ƙofar ɗakin kwanan tana da kan zif biyu, muka ja su ƙasa muka bar su a nan kamar yadda kowa zai yi. Wajen ƙarfe goma, muna zaune a falo, sai ga Auta ta leƙo tana dariya: ta haye gefen gadonta, ta sauko, ta buɗe. Cikin minti ɗaya ta koyi abin. Gabana ya faɗi, don ƙofar waje ma irin zif ɗin ke gare ta, kuma akwai ƙorama a ƙasan filin. Yaro mai wannan shekaru ruwan da bai kai gwiwarsa ba ma yana iya halaka shi, kuma ba ya ihu. Muka mai da kawunan zif ɗin duka can sama inda hannunta ba ya kai, maigida ya ja katifarsa ya tare bakin ƙofa. Ban sa kwaɗo ko ƙulli ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya sa, don in wani abu ya taso da dare kana so ka fita cikin daƙiƙa. Zif ɗin kansa yana yawan cizon yadin da ke rufe shi, sai an sa hannu biyu. Da yarinya a kafaɗa, hannu ɗaya gare ka.

Na biyu sanyi, kuma wannan kuskurena ne. Na tara barguna don rufa, na manta cewa a tanti sanyi ta ƙasa yake shigowa. Iskar da ke cikin katifar iska tana ɗaukar sanyin ƙasa ta miƙo maka a baya. Wajen ƙarfe biyu yayan Auta ya ce, "Mama, katifar nan kamar ƙanƙara." Muka tashi muka mai da rabin bargunan ƙarƙashinmu, muka shimfiɗa tabarmar soso a ƙarƙashin gadon Auta. Ita dai a gadonta na gida na bar ta, da bargonta da ta sani da ɗan zomonta na yadi. Katifar iska an yi gargaɗi kada a kwantar da jariri ɗan wata 15 zuwa ƙasa a kanta saboda toshewar numfashi. Auta ta wuce nan, amma hankalina bai kwanta ba, ga ramin da ke tsakanin katifu biyu.

Da safe na taɓa rufin falon na ji shi jiƙe sharkaf ta ciki. Na ce shi ke nan, mun sayi mai yoyo, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Ashe numfashinmu ne. Mutum biyar sun kwana suna fitar da tururi, tururin ya tarar da yadi mai sanyi, ya koma raɓa. Mu kuma saboda sanyi mun toshe duk kafofin iskar da ke sama da baya. Dare na biyu muka bar su a buɗe, raga kawai ta tare sauro, muka fitar da jiƙaƙƙun tawul waje. Raɓar ta ragu ƙwarai, sanyin kuma bai ƙaru ba yadda na ji tsoro. Ɗakin kwanan shi bai jiƙe ba ko a daren farko, domin a rataye yake a ciki, akwai tazara tsakaninsa da rufin waje. Sharaɗin dai kada jaka ko katifa ta tura shi har ya manne da rufin.

Yanzu ga abin da ya sa na yafe wa tantin nan turakunsa da zif ɗinsa. Baƙin ɗakin. A gida, da zarar gari ya fara wayewa Auta ta tashi, duk labulen da na sa. Na tafi da shirin cewa a tanti, inda yadi ne kawai tsakaninta da rana, tun asuba za mu fara bin ta cikin raɓa. Na farka na duba waya, bakwai saura. Tantunan maƙwabta duk yara sun fito suna ta hayaniya. Namu ɗakin duhu kamar tsakar dare, sai ɗan zaren haske a bakin zif. Auta ta kai bakwai da rabi. Ban tuna ranar da ta yi haka a gida ba. Na zauna a falo ni kaɗai kusan rabin awa, ba wanda ya kira ni, ina kallon hazo yana tashi daga ciyawa. In da za a ce bikin na wane ne, wannan rabin awar nawa ne.

Ga wanda bai raini yaro ba wannan ƙaramin abu ne. Likitocin yara suna cewa ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, har da na rana. In ya rasa biyu daga ciki, duk wanda ke kusa zai ɗanɗana. Barcin ranar shi na fi jin tsoro, don ranar bikin ce, kuma in ta tsallake shi to yamma ta lalace. Ƙarfe ɗaya na shiga da ita, na ja zif, duhu ya rufe mu. Ta ɗan yi mita, ta nemi zomonta, cikin minti goma ta tafi. Awa ɗaya da rabi ta yi.

Duhun yana da nasa sharri. Da rana tsaka sai ka kunna fitila kafin ka ga safa. Kuma kada wani ya ɗauka duhu sanyi ne. Da hantsi ɗakin ya fi falon sanyi, gaskiya ne, amma da rana ta take, in ƙofofi na rufe, ko'ina zafi yake. Sai da na buɗe ƙofar gefe da tagar baya na bar raga, kuma ina shiga ina taɓa wuyanta lokaci-lokaci. Da mun kafa inda inuwar bishiya ke faɗowa da azahar da ya fi. Mun zaɓi wurin ne da yamma, ba mu lissafa inda rana za ta bi ba.

Bikin kansa gajere ne. Ta tashi fes, aka sa mata rigar da Antinta ta kawo, muka shimfiɗa bargo a ciyawa. Kyandir biyu a waje muka kunna su, nesa da tantin, domin foliyesta narkewa yake in wuta ta taɓa shi, ko da an rubuta cewa yana jinkirta kamawa. Iska ta kashe su sau biyu kafin yayanta ya taya ta hurawa. Balan-balan ban kawo ba, fasasshensa yana shaƙe ƙananan yara, ga shi ya zama shara a fili. Ruwan sabulu mai kumfa na kawo, ta yi ta bin kumfar tana faɗuwa tana tashi har rigar ta koma kalar ciyawa. Kyautar da muka naɗe mata ko kallo ba ta ishe ta ba. Gudumar roba ta fi so.

Wajen ƙarfe biyar hadari ya haɗo, aka yi ruwa na kusan awa biyu da iska. A takardar tantin an rubuta milimita 3000 ga rufi, 5000 ga shimfiɗar ƙasa. Ma'anar lambar ita ce, in aka tsayar da bututu a kan yadin aka yi ta zuba ruwa, sai ya kai tsayin mita uku kafin ya fara ratsawa. An fi ba ƙasa lamba babba saboda nauyin mutum yana danna yadin cikin danshi. Gani ya kori ji: rufin bai ɗiga ba, ɗinkunan da aka bi da tef ta ciki ma ba su ba da kunya ba. Inda ruwa ya shigo wuri ɗaya ne, ƙofar gaba. A kwance take, ba ta da 'yar rumfa a sama, don haka duk buɗewa sai ruwan da ya taru a kanta ya zubo cikin falo. Mai yara kuwa ba ya ƙirga buɗe ƙofa. Tawul ɗaya muka sadaukar a wurin. Sandunan sun yi ta rausaya da iska har ƙanwata ta fara salati, amma suka tsaya, albarkacin turakun dattijon nan.

A nan falon ya biya kuɗinsa. Mu biyar muka zauna a ciki da fitila mai caji, yara suna birgima, ba wanda ya taka wani. Maigida ya ɗauko ɗan murhun gas zai kunna a ciki, na ce, "Abban yara, wannan kam a'a." Gas, gawayi, ko garwashin da ake ganin ya mutu, duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rufaffen wuri tana kashe mutum yana barci. Yara ta fi saurin kamawa. Buɗe taga ba ya isa. Muka jira ruwa ya tsagaita ya kunna a waje. Dare na biyu Auta ta kwanta ƙarfe takwas, ƙarar ɗigon ruwa a rufi kamar ma ta taimaka, ba ta motsa ba sai bakwai.

Zan sake fita da shi, kuma iyali mai mutum huɗu ko biyar da ƙaramin yaro zan ce su saya, da sharaɗin su sayi turaku masu kauri da guduma a rana ɗaya. Wanda zai yi tafiyar ƙafa da kaya a baya, ko mai ƙaramar mota, ko manya shida, ba nasu ba ne.

Ranar Lahadi a jiƙe muka naɗe shi, don haka da isarmu gida muka baza shi a rana yini guda. In aka ajiye tanti da danshi, cikin 'yan kwanaki fumfuna ta kama shi, warin kuma ba ya fita. Mai da shi jakarsa shi ne yaƙin ƙarshe. Kamar inji ne ya cusa shi a masana'anta, ba a bar ko tazarar yatsa ba. Sau uku muna naɗewa daidai faɗin jakar sanduna, maigida yana durƙusawa a kai yana fitar da iska, Auta tana hawa bayansa tana ɗauka wasa ne. Zif ɗin ya tsaya a kashi uku cikin huɗu. Sauran da ɗaya daga igiyoyin tantin muka ɗaure, da tsumman ɗankwalin har yanzu a jikinta.