Sharhi Kan Na'urar Gargaɗin Iska Mai Guba da Na Saya a Sabon Gari

Na'urar ba ta wuce tafin hannu ba a girma. Farar roba ce mai ɗan ƙaramin allo inda lamba ke fitowa, da maɓallin gwaji guda ɗaya, da fitila kore da ja, kuma tana aiki da batiri biyu irin na agogon bango. Aikinta shi ne ta auna iskar kabon monoksaid da ke cikin ɗaki, ta yi ƙara idan iskar ta kai matakin da za ta cutar da mutum. Na saye ta a wani shagon kayan lantarki a Sabon Garin Zariya saboda janaretocin maƙwabta da ke kwana a kunne a lungun bayan gidanmu a Tudun Wada, amma haɗarin da ta tsare mu daga gare shi, da ikon Allah, daga cikin ɗakinmu ya taso.

Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari ko yajin ido kamar hayaƙin itace. Tana fitowa duk lokacin da gawayi ko fetur ko kananzir ko gas ya ƙone a wurin da iska ba ta wadata ba. Idan mutum ya shaƙe ta, tana kama sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai jiki ya fara rasa abin da yake rayuwa da shi alhali mutum yana numfashi kamar kullum. Alamominta na farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda kowa a garin nan zai ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya taso masa. Wanda yake barci kuwa ko waɗannan ba zai ji ba.

A cikin hunturun watan Janairu maiɗakina ta haihu, gwaggonta ta zo daga cikin birni domin ta zauna da ita zaman jego. Duk wanda ya san sanyin Zariya a wannan wata ya san yadda asuba take, musamman ga mai jego da jariri. A daren da abin ya faru, bayan an gama wankan yamma, Gwaggo ta kwashe ragowar garwashin a kasko ta shigar da shi ɗaki, ta rufe tagogi saboda hazo, ta saki labule, ta kuma toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane. Ni ina ɗakin da ke kallon nasu. Wajen ƙarfe biyu na dare wata ƙara mai huda kunne ta tashe ni, na ruga na tura ƙofar. Babu hayaƙi ko kaɗan a ɗakin, garwashin ma toka ta lulluɓe shi, sai ɗan ja a ƙasa, amma jar fitilar na'urar tana walƙiya, lambar da ke kan allon kuma ta haura 200.

Maiɗakina ta yunƙura za ta tashi ta koma ta zauna, tana cewa kanta zai tsage. Gwaggo, wadda shimfiɗarta ta fi kusa da kaskon, sai da na kira ta da ƙarfi, na jijjiga ta, sannan ta buɗe ido. Na ce, "Gwaggo, ku tashi mu fita waje yanzu." Ta ce, "Ɗan nan, wane irin fita da jariri cikin wannan sanyi?" Na ɗauki jaririn na nannaɗe shi da bargo, na buɗe tagogi duka, muka fito tsakar gida, inda Gwaggo ta durƙusa ta yi ta amai.

Wani maƙwabci ne ya kai mu asibiti a motarsa. Abin da ya fi amfani a can shi ne na faɗa wa likitan zancen kaskon da lambar da na gani tun daga bakin ƙofa, domin ƴar na'urar nan da ake maƙala wa mutum a yatsa ba ta bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki wannan guba, tana iya nuna lafiya lau alhali ba haka ba ne. Aka sa musu oksijin su uku. Da iskar ɗaki kawai, jiki kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da ƴan mintuna sun isa. An sallame su lafiya, kuma ba ni da abin cewa sai godiya ga Allah.

Ban ga laifin Gwaggo ba, kuma ba na son mai karatu ya gani. Abin da ta gada ne, da shi aka yi mata jego, da shi ta yi wa wasu. A ganina ɗakunan ne suka sauya: na da suna da kafofin da iska ke ratsawa ta saman ƙofa da ƙarƙashin rufi, namu na yanzu kuwa siminti ne da silin da tagar gilashi mai rufuwa ruf.

Abin da na fi yaba wa na'urar shi ne ba ta yin ƙara a banza. Idan aka yi turaren wuta a ɗaki lambar kan ɗan motsa, sannan ta koma sifili ba tare da ta tayar wa kowa da hankali ba. Dalili shi ne ma'aunin Turai da aka rubuta a bayanta, EN 50291, ya haɗa yawan iskar da tsawon lokaci: idan lambar allon tana 50 sai an yi minti 60 zuwa 90 take ƙara, a 100 tsakanin minti 10 zuwa 40, a 300 kuwa cikin minti 3. Ƙarar tata kuma ta isa, tunda ta ratsa ƙofa biyu a rufe ta tashe ni.

Tana da naƙasu da ya kamata a sani. Takardar bayaninta da Turanci kawai take, da rubutu ƙanana ƙwarai, kuma babu wanda ya yi mini bayani a shagon. Idan batirinta ya yi sanyi tana yin ƴar tsuwa lokaci zuwa lokaci, wanda bai saba ba, zai iya rikita wannan da gargaɗin gaske, ko ya gaji ya cire batirin ya manta. Ƙurar hunturu tana taruwa a ƙananan ramukan da iska ke shiga, don haka sai an riƙa share su da busasshen ƙyalle. Maɓallin gwajin yana tabbatar da cewa batiri da ƙararrawa suna aiki, amma ba ya nuna ko ma'aunin da ke ciki yana da rai, shi kuwa ma'aunin yana da wa'adi, galibi shekara 5 zuwa 10, ko an yi amfani da na'urar ko ba a yi ba.

Wannan wa'adi shi ne abin da mai saye zai fara dubawa, domin kaya na iya daɗewa a kanta kafin a saye su. A juya bayanta a nemi ranar ƙerawa da ranar ƙarewa da lambar ma'auni irin EN 50291 ɗin nan, wadda babu su a jikinta a bar ta komai arharta. A kuma tabbatar an rubuta CO a kanta, wato gajeren sunan kabon monoksaid, saboda na'urar gane hayaƙin gobara da ta gane yoyon gas ɗin girki suna kama da ita a ido, amma ba sa jin wannan iska. Wurin ajiye ta shi ne ɗakin da ake kwana, ba a bayan labule ko cikin kabad ba. Samunta bai halatta shigar da garwashi ɗaki a rufe ba, bai kuma halatta kusanto da janareta ba, wanda masana lafiya suka ce a nisanta shi da taga da ƙofa aƙalla mita 6.

Na koma shagon na sayi guda biyu, ɗaya na ɗakin yara, ɗaya kuma Gwaggo da kanta ta ce a saya mata, domin ita ce ake kira zaman jego a danginsu. Na rubuta mata ranar ƙarewar da manyan lambobi a gefen na'urar, na kuma nuna wa jikanta yadda ake sauya batirin.