Faffaɗan Allo Ko Na Gama-gari?

Na tsaya a wani shago a Beirut Road da ke Kano, allon kwamfuta biyu na wasan bidiyo a gabana. Ɗaya mai inci 34 ne, 21:9 (wato faɗinsa ya haura ninki biyu na tsayinsa), mai ɗan lanƙwasa, ɗigon hotonsa 3440x1440. A wasan tseren mota sai ka ji kamar kai ne a kujerar direba, har gefen titi kana gani. Amma ɗigon hotonsa ya fi na ɗayan da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka in katin hoton kwamfutarka, wato sashen da ke zana hoton wasan, mai rauni ne, wasan zai riƙa sarƙewa.

Ɗayan inci 27 ne, 16:9, 2560x1440. Ya fi araha, kuma bai cinye tebur ba.

Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, na'urar wasa ta PS5 gare ka? Ba ta cika faffaɗan, baƙi za ka gani hagu da dama."

Wasan ƙwallo nake bugawa a PS5, don haka ƙaramin na ɗauka.