Bikin Zanzibar ko na gida Jos: amsa ga yayar amarya

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. An sa ranar auren ƙanwarki watan Disamba, ango ya kawo shawarar a ɗebi mutum talatin a tafi Zanzibar a yi komai cikin kwana huɗu, Mama kuwa ta fi son a yi a gida Unguwar Rogo kamar yadda aka yi naki. Ke ce babba, hidimar a kanki za ta sauka, ga ki a Gwarimpa da yara uku da aikin ofis. Kina son sanin wanne ya fi sauƙi ga macen da gida ke kanta. A ganina na Jos ya fi hayaniya da gajiyar jiki, amma na Zanzibar ya fi nauyi, kuma ke kaɗai za ki ɗauke shi.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne ake yawan ruɗuwa. Ana cewa ai baki talatin bai kai baki ɗari biyar ci ba. Gaskiya ne, sai dai kuɗin ba iri ɗaya ba ne. Bikin Jos da naira ake yin sa, kuma a hankali ake tara shi. Kawu zai aiko da buhun shinkafa, wata goggo ta kawo jarkar mai, maƙwabciya ta ce lemo a kanta. Kayan miya kuwa kina garinsu: a aiki mutum biyu Farin Gada da sassafe su lodo tumatir da tattasai da kabeji da karas da dankali, a farashin da ba za ki taɓa samu a kasuwar Wuse ba. Ga kuma bikin da Mama ta shafe shekaru tana kai wa mutane, yanzu ne lokacin da zai dawo mata. Bikin Zanzibar da dala ake yin sa, kuma wanda ba a gayyata ba ba ya kawo gudummawa. Kin dai san abin da ya sami naira: kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Ƙari a kan haka, ƙarshen Disamba shi ne lokacin da otal-otal ɗin tsibirin suka fi cika, suka fi tsada.

Akwai abin da masu kwaikwayon wannan salo ba sa faɗa. A wurin Turawa, baƙon da aka gayyata shi ke sayen tikitinsa ya biya ɗakinsa. Mu kuwa wa zai iya kallon Goggo ya ce ta zo biki amma ta nemo kuɗin jirgi? Wanda ya gayyata shi zai biya. Saboda haka ki tambayi ango tun yanzu, a fili, ko talatin ɗin nan duka a wuyansa suke, har da ƙananan abubuwan da ake mantawa. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun watan Satumbar 2025, in mutum goma ba su da shi miliyan ɗaya ke nan kafin a taɓa tikiti. Zanzibar kuma tun Oktoban 2024 ta wajabta wa duk baƙo inshorar dala 44, na mutum talatin dala 1,320.

Sai takardu, wanda bikin Jos ba ruwansa da su ko kaɗan. Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida, hukumar shige da ficensu ta duba ta amince, kuma su da kansu suna ba da shawarar a nema da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya, kada kuma a sayi tikiti sai ta fito. Kowa sai da katin rigakafin zazzaɓin shawara, kowane fasfo sai yana da sauran aƙalla wata shida. Tsarin biza kuma ba a hannunki yake ba. Dubai da kowa ya ɗauka kamar bayan gida ce, a 2022 ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofa, ba a buɗe ba sai Yulin 2024.

Ki kwatanta yadda darenku zai zama. Ƙarfe goma sha ɗaya, yara sun gama aikin gida sun kwanta, kin kwashe kwanuka, kin zauna a teburin cin abinci da waya. Hoton fasfon Kawu da aka turo ta WhatsApp ya yi dishi-dishi, rabin lambar ba ta fito ba, shi kuma ya riga ya yi barci. Sunan Inna a NIN daban, a tsohon fasfonta daban, ranar haihuwar ma ba su dace ba, kuma ba za a sabunta mata ba sai an gyara. Ejan ɗin da ke shirya tafiyar yana jiran amsa kafin safiya. Wannan aikin ba ya rabuwa, don mutum ɗaya ne ya san inda kowace takarda ta tsaya. Na Jos kuwa yana rabuwa: girki a ba ƙanwar Mama da tawagarta, rumfa da kujeru da janareta a ba samarin gida, anko a ba ƙawayen amarya, goro da alawar ɗaurin aure a bar wa maza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a gida hannuwan suna nan tun kafin ki nema.

Tafiyar ma ki dube ta da idon tsofaffi. Filin jirgin Jos da ke Heipang ba a tashi daga shi zuwa ƙasar waje, don haka duk 'yan Jos sai sun gangaro Hawan Kibo, su bi Akwanga da Keffi, su kwana Abuja. A ina za su kwana? Gidanki. Washegari a hau jirgi zuwa Adis Ababa, a jira, a sake hawa wani. Mai ciwon ƙafa da mai hawan jini da mai ciwon suga duk ke za ki riƙe musu magani da fasfo.

Yanzu yaranki. Farkon Disamba jarrabawar zangon farko ce, wato daidai lokacin da shiri ya fi zafi su ma suka fi bukatarki. In Jos ne, ana ba da hutu ki zuba su a mota da rigunan sanyi, kuna isa su ɓace cikin 'yan'uwansu, tukunya kullum tana kan wuta, ba za ki ma san sun ci ba. In Zanzibar ne, ko dai ki tafi da su, fasfo uku da biza uku da tikiti uku, su cinye gurbin manya uku a cikin talatin ɗin, ko ki bar su. To wa za ki bar wa? Duk waɗanda kika yarda da su suna cikin jirgin tare da ke. Wannan tambayar ita ce mata da yawa ba sa yi wa kansu sai saura mako guda.

Ba zan rage wa Zanzibar hakkinta ba. Kuna sauka, an gama da ke da maganar tukunya da itace da wankin kuloli. Babu wanda zai shigo ba a san shi ba, babu wayar da za ta ɓace a cunkoso. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, za ku ji kiran salla, abinci ba abin fargaba ba ne. Sai dai manyan otal na bakin teku don Turawa 'yan yawon buɗe ido aka gina su, akwai giya, akwai masu yawo da kayan wanka, ki bincika wurin sosai kafin ki zaunar da Baba a ciki. Jos ma da nata. Za ki shirya wa ɗari uku ninkinsu su zo, abinci ya ƙare, a yi gunaguni. Sanyin Disamba ba wasa ba ne ga baƙin da suka taso daga Abuja ko Kano. Kuma duk ɗan Jos ya san gari yakan canza fuska, mun ga dokar hana fita ta awa 24 a watan Agustan 2021, shi ya sa nake son duk taro a tashi kafin magariba.

Inda na fi so ki tsaya ki yi tunani shi ne nan: zuwa Zanzibar ba ya soke bikin gida, ƙari yake yi a kansa. Lefe a gida za a karɓa. Kayan ɗaki sai an saya, sai an je an yi jere a gidan amarya, kuma a makon da za ku tashi ne. Gara sai an haɗa. Kai amarya ɗakinta, iyaye mata su yi mata nasiha su damƙa ta amana a hannun dangin miji, wannan ba ya yiwuwa a ɗakin otal. Kuna dawowa kuma Mama ba za ta iya haɗa ido da matan unguwa ba sai ta dafa ta kira su. Ƙarshenta kin yi biki biyu, na dala da na naira, da jiki ɗaya.

Ta fuskar addini, aure yana ɗauruwa a ko'ina matuƙar akwai waliyyi da shaidu biyu da sadaki da siga, kuma in bizar waliyyi ta maƙale yana iya wakilta wani. Ba haramun ake magana ba. Amma walima don a sanar da aure a kuma ciyar aka sunnanta ta. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce, kuma ya zo a Bukhari da Muslim cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Ni wannan yana taɓa ni, domin na san su waye ba sa shiga jerin talatin. Ki ɗauki biro ki gwada: goma sha biyar naku, goma sha biyar na dangin ango. Ki sa Mama da Baba, ku 'yan ɗaki da mazajenku, ƙawa ɗaya ko biyu. Ina gurbin goggon da ta goya amarya? Ina maƙwabciyar da ta kwana da Mama a asibiti? Ba za su ce komai ba, za su ma yi addu'a, amma Mama ce za ta ci gaba da zama da su a layi ɗaya.

Akwai gidajen da bikin waje ya dace da su: dangi kaɗan, rabinsu dama suna Ingila ko Amurka ko Saudiyya, kowa da fasfonsa a hannu, haɗuwa a wata ƙasar ta fi musu sauƙi da zuwa Najeriya. Yadda kika bayyana naku, ba haka yake ba.

Da ni ce ke, a ɗaura aure a Jos, a taƙaita shagali zuwa kwana biyu, kamu da sa lalle rana ɗaya, ɗaurin aure da walima washegari, a kai amarya. Cikin Janairu, bayan tsadar ƙarshen shekara ta lafa kuma kafin ruwan Maris ya sauka a can, ango ya ɗauki matarsa su tafi Zanzibar su biyu. Ki fara keɓe ƙanwarki ki ji ainihin abin da ranta yake so, don wata amaryar kunya ce ke sa ta bin bakin kowa. Maganar ango kuma kada ta fito daga bakinki, ki bar maigidanki ko Kawu su zauna da waliyyinsa. In duk da haka sun tsaya a kan tafiyar, to a tattara fasfo a makon nan, a nemi biza, a ɗauki ejan da zai riƙe takardun a madadinki, kuma kada a biya kuɗin tikiti ko na otal sai bizar waliyyi da ta Mama sun fito. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.