Shagon abinci marar alkama a Kano: abin da ya cancanci kuɗinsa da wanda bai cancanta ba

A yankin Nasarawa cikin birnin Kano akwai wani ƙaramin shago da wata Hajiya ke gudanarwa tare da ma'aikatanta, wanda duk abin da ake sayarwa a cikinsa an yi shi ne ba tare da alkama ba. Ana samun burodi da cincin da biskit, da garin ɗan wake, da garin acca da na gero da na tamba a ƙulle cikin leda, sannan da safe ana toya masa da sinasir. Na daɗe ina sayayya a wurin tun bayan da likita ya ba ni shawarar rage alkama saboda kumburin ciki da kasala da ke biyo bayan cin ta, don haka ina ganin na san kayan shagon sanin da zai ba ni damar faɗin ra'ayina a kansu.

Wanda bai taɓa ƙoƙarin guje wa alkama ba, da wuya ya gane yadda ta mamaye cimar mutanen birni. Burodin mai shayi da fanke da gurasa da alkubus da funkaso da alkaki da dubulan duk ita ce, haka taliya da kuskus da Semovita. Abin da ya fi wahala shi ne inda take shiga a ɓoye, domin masu ɗan wake da dama suna ƙara fulawa a garinsu, wasu masu masa suna zuba kaɗan a ƙulli don ta yi laushi, kuma man da aka soya fanke a cikinsa shi ne sau da yawa ake jefa ƙosai a ciki. Mai wannan lalura yakan zama mai yawan tambaya a gidan biki har a ɗauka iyayi ne ke damunsa.

Burodin shi ne abin da ya fi jan mutane zuwa shagon, kuma a ganina shi ne mafi rauni a cikin kayansu. Ana haɗa shi da garin shinkafa da sitacin rogo da ƙwai, yana fitowa gajere mai nauyi, ɓawonsa fari-fari, cikinsa kuma a cushe. Wannan ba gazawar mai gashi ba ce kaɗai, saboda sinadarin gulutin da ke cikin alkama shi ne ke ba kwaɓi danƙon da zai riƙe iskar yis har ya tashi, kuma idan babu shi sai dai a yi dabara. Ranar da aka gasa shi yana da daɗin ci, musamman idan an ɗan ɗumama shi a kasko da man shanu. Washegari kuwa da zarar an sa masa wuƙa sai ya fara marmashewa, idan aka tsoma shi a shayi rabinsa a gindin kofi zai kwana. Kuɗinsa ya ninka na burodin fulawa mai girmansa fiye da sau biyu, kuma ban ga dalilin da zai sa mai iyali ya mayar da shi karin kumallon kullum ba.

Inda shagon ya yi zarra shi ne abincin da tun asali ba ya bukatar alkama. Garin ɗan wakensu wake ne da rogo da kuka da 'yar kanwa, yana ɗaurewa a tafasasshen ruwa ba tare da ya narke ba. Accarsu, wadda Hajiya ta ce daga Filato ake kawo mata, an wanke ta an rege ta sosai, kuma duk wanda ya taɓa tauna yashi a cikin faten acca ya san darajar wannan aiki, tunda ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai har raba ta da ƙasa yakan cinye yini. Cincin ɗin garin shinkafa ya fi na fulawa tauri kaɗan, amma yara ba sa barin sa.

Babban abin da mutum ke biyan kuɗinsa a nan, a fahimtata, shi ne injin niƙa. Shagon yana da nasa a bayan gida, kuma ba a taɓa zuba masa alkama ba. A injin unguwa kuwa, mai niƙa zai gama da alkamar wata ya juye geronka a kai ba tare da ya kakkaɓe komai ba, sai ka dawo gida da garin da kake zaton tsantsar gero ne. Da na tambayi Hajiya ko suna karɓar niƙan waje, sai ta ce: "Malam, ko 'yar'uwata ce ta kawo, ba na karɓa, domin ban san abin da buhunta ya taɓa ɗauka ba." Wannan amsa ta fi duk tallan da ke jikin bangon shagon gamsar da ni.

Sai dai takardar da ke manne a jikin ledojinsu tana bukatar gyara, domin ta haɗa lalurori daban-daban ta kira su da suna ɗaya. Akwai cutar siliyak, wadda a cikinta garkuwar jiki ke lalata bangon ƙaramin hanji idan an ci gulutin na alkama ko na sha'ir, har ta kai ga ƙarancin jini da rama da tsumburewar yara, kuma ana ƙiyasta tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Ba cutar Turawa kaɗai ba ce, domin binciken da aka wallafa a 1999 ya gano ta a jikin fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara a Afirka, da aka gwada. Akwai kuma borin jini da alkama ke tayarwa cikin ɗan lokaci, da ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi. Sannan akwai irin tawa, wadda gwaji bai nuna ko ɗaya daga cikin biyun ba amma jiki yana nuna rashin jituwa. Mai siliyak ko ɓurɓushi yana cutar da shi, shi ya sa ma'aunin ƙasa da ƙasa bai yarda a kira abinci marar gulutin ba sai idan gulutin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Shagon bai nuna wata shaidar gwajin ɗakin bincike ba, don haka mai wannan cuta ya sani cewa amana ce yake saye, ba tabbacin awo ba.

Haka nan ban ji daɗin yadda wata ma'aikaciyarsu ke gaya wa masu saye cewa barin alkama yana maganin ciwon suga da ƙiba ba. Burodin shinkafa da sitacin rogo ba shi da wata fa'ida ga mai ciwon suga a kan na fulawa. Ƙari a kan haka, doka a Nijeriya ta wajabta ƙara wa fulawa sinadarin bitamin A da wasu abubuwan gina jiki, waɗanda garin shagon ba shi da su, sai mutum ya nemo su a ganye da wake da hanta da manja. Wanda kuma yake zargin yana da siliyak, ya kamata ya fara zuwa asibiti a gwada jininsa tun yana cin alkama, saboda idan ya daina kafin gwaji sakamakon yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan.

Masa da sinasir suna ƙarewa da hantsi, burodi kuma sai an yi oda kwana ɗaya kafin a zo ɗauka, ba sa kai kaya gida. Ni dai garin ɗan wake da acca da garin gero nake saye a kai a kai, burodin kuwa sai lokacin azumi idan yara sun matsa a ci tare da su.