Elite Dangerous, fatauci a sararin samaniya

'Yan Yamai masu kwamfuta, wasan nan na kamfanin Frontier na Ingila da ya fito a 2014 wallahi ya ci kuɗinshi. Da ƙaramin jirgi Sidewinder ake farawa, ka sari kaya a wannan tasha ka kai waccan inda suke tsada, sak ɗan kasuwar Katako, kana cikin tafiya sai 'yan fashi su fizgo ka, ko ka zubar musu da kayan ko a yi ɓarin wuta. Taurari miliyar 400 fa ke ciki! Saukar da jirgi a tasha akwai wuya da farko, sai hannu ya saba. Abin da ke ban haushi, ko kai kaɗai kake bugawa sai da intanet, rezo na yankewa wasan ya fidda ka.