Tsohon layin dogo: na Niyok ko na Biristol, wanne ya dace da mu?

Malam, ka tambaya ko abin da ka gani a bidiyo na birnin Niyok, inda aka mai da tsohon layin dogo wurin yawo, zai yiwu a Katsina. Bari in ajiye maka shi kusa da wani na Ingila, ka ga bambancin.

Na Niyok, wato High Line, a sama yake bisa ginshiƙan ƙarfe, tsawonsa bai wuce kilomita 2.3 ba. Jirgi ya bar bin sa a 1980, aka buɗe kashin farko a 2009. Lambu ne na shan iska da ɗaukar hoto, kuma ba a ma yarda a hau keke a kansa ba. Kyau dai ba a magana, amma sai mai kuɗin ban ruwa da masu gadi.

Na tsakanin Biristol da Bath kuwa a ƙasa yake, ya haura kilomita 20. Ƙungiyar Sustrans ta gina shi daga 1979 zuwa 1986, da taimakon 'yan sa-kai. An cire ƙarafuna, an zuba kwalta, shi ke nan. Da yake jirgi ba ya son hawan tudu, hanyar a shimfiɗe take, ko dattijo ya tuƙa kekensa ba haki. Mutane na bin ta zuwa aiki da makaranta. Ni wannan na zaɓa mana.

Sai dai fa birnin Katsina ba shi da tsohon layi. Wanda aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021, daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, sabo ne, jirgi ake jira. Tsohon yana Funtuwa, kan layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda, kuma filinsa na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, ba na jiha ba.

Abin da muke da shi mai kama da layi shi ne gefen ganuwa, inda gine-gine ba su cinye ba. A ce daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Sauri an jera itatuwan bedi, wato dogon yaro, don ba mai taka kwalta da ƙafa a ranar Afrilu ba inuwa. A kuma kafa turaku a kowace mashiga, in ba haka ba kafin sati 'yan acaɓa sun mai da ita tasu, masu zubar da shara su biyo baya.